Gangar Baba Ɗanlarai

Ƙawata, zauna ki ji wannan.

Akwai wani saurayi a Gubi mai suna Obadiya, gwanin kaɗa jita. Ba ya waƙa, jitar ce ke magana. Yakan ɗauko kiɗan Turawa ya gauraya da na gida, yana cikin tafiya ya sauya taki, mai rawa ya tsaya sororo. Burinsa ɗaya ne, ya fitar da faifan da za a saurara har ƙasashen waje.

Mahaifinsa, Baba Ɗanlarai, makaɗin gangar noma ne a Zungur. Shekara arba'in yana bin manoma da ganga ranar gayya. Obadiya ya ɗauko shi a babur zuwa situdiyo, don ya ɗora jitarsa a kan gangar.

Aka sa wa tsoho abin ji a kunne, na'ura tana ƙas-ƙas don daidaita taki. Baba ya fara tiryan-tiryan, can sai ya ja kiɗan ya sassauta, sannan ya zabura. Aka sake. Haka dai. Har sau tara.

Tsohon ya ce ba kuskure ba ne. Nan ne manomi ke kai ƙarshen kunya, ya miƙe ƙugu, ya juyo da garma. Dole ganga ta jira shi.

Obadiya ya yi dariya a gaban abokansa. "Baba, nan ba gona ba ce."

"To, ɗana," in ji tsohon. Ya rataya gangarsa. Kafin ya kai bakin titi, Obadiya ya goge duk abin da aka ɗauka, ya sa gangar kwamfuta.

Bayan girbi ya tura faifan ga masu shirya wani bikin kiɗa a Legas. Suka amsa cewa hannunsa ya ƙware, amma masu irin wannan sun fi ɗari a wurinsu. Ba shi da wani abu na gida, mai numfashi?

Ranar ya kama hanyar Zungur. Ya tarar da Baba kwance a tabarma, ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun sati uku. Tsohon ne ya hana a gaya masa, wai kada a katse wa yaro aiki.

Obadiya ya durƙusa, ya nemi gafara, ya fito da jita ya fara kaɗawa. Baba ya gwada buga tabarma da hannun hagu, hannun ya ƙi. Obadiya ya sassauta inda yake zato, tsohon ya girgiza kai. Ya sake, ya girgiza kai.

Da ƙyar magana ta fito daga bakin Baba. "Sai ka riƙe garma."

Baba bai ga damina ba. Obadiya ya noma gonar tsohon har tafin hannunsa ya yi kanta, ya kuma gane inda ƙugu ke neman hutu. Sai dai a garin babu sauran wanda zai ce masa ya yi daidai.

Darasi: Abin da ke hannun iyaye, a karɓa tun hannun yana motsi. Ilimin zamani ba ya ba ɗa izinin yi wa uba dariya. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Ku tura wa 'ya'yanku su karanta.

Ke kuma ƙawata, kin san gidansu. Don Allah kada ki nuna wa kowa gidan.