Jirgin da Ya Ƙi Bin Layi

Jama'ar wannan shafi, ku matso kusa. Labarin yau na nan gaɓarmu ne.

Akwai wani masunci a ƙauyen Lawisan, a bakin teku a tsibirin Samar, sunansa Rodelio, amma kowa Delyo yake kiransa. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya ne: tun da 'yarsa ta samu aiki a Hong Kong ta fara aiko da kuɗi, kansa ya kumbura.

Ya rushe ɗakinsa na gora ya gina na bulo. Ya sayi babban jirgi mai inji, shuɗi da fari, wanda babu irinsa a ƙauyen kaf. Sauran masunta kuwa ƙananan jirage gare su, da ƙarfin dantse suke tuƙawa. In ka ga yadda Delyo yake goge jirgin nan da tsumma kowace safiya, sai ka rantse jariri yake wa wanka.

Yana da wa, Mano Tasyo (Mano a yarenmu shi ne yaya), wanda ya girme shi da shekara goma sha biyu. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa teku. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma in ana jan jirage muryarsa ake bi.

To, a Lawisan in rediyo ya ce guguwa na tafe, maza sukan taru su jera gungumen kwakwa a kan yashi, su sa kafaɗa su gangara kowane jirgi har kan tudun bayan coci, a rufe shi da taru a ɗaure. Dokar kuwa tun kakanni ɗaya ce: ana farawa da jirgin wanda ya fi kowa tsufa, a bi shekaru har a zo kan na ƙarami. Ba a duba girman jirgi, ba a duba tsadarsa.

Ranar da aka yi shelar babbar guguwar, Delyo ya iso bakin ruwa hannu a aljihu.

"Nawa za a fara ja," in ji shi.

Tatay Inggo, dattijon da ke riƙe da layin, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Delyo, shekarunka nawa?"

"Arba'in da huɗu."

"To kai ne na goma sha huɗu. In kana sauri, ka ce wa 'yarka ta aiko maka da furfura daga Hong Kong."

Wurin ya kaure da dariya. Da ya yi dariyar tare da su, da shi ke nan, magana ta wuce. Ina, sai fuska ta ɗaure.

"Kuɗin jirgina zai sayi waɗannan akusan naku duka har a ba ni canji. In tsaya ina ɗaukar akushi goma sha uku, nawa yana jiran iska?"

Mano Tasyo ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Ni ne na uku. Ɗauki gurbina, nawa ya koma ƙarshe. Babu wanda zai ce uffan."

"Ba na son sadaka, Mano."

"Ba sadaka ba ce, Delyo. Jirginka kaɗai ne mai inji. In wani abu ya faru, shi ne ƙafar garin nan."

Delyo bai ko waiwayo ba. Ya tayar da injinsa da ƙarfi don kowa ya ji, ya kai jirgin bakin kogi, ya jefa anga biyu, ƙarafan nan masu riƙe jirgi a ruwa, ya ɗaure shi da sabuwar igiya a jikin wani tsohon icce. Wansa ya biyo shi ta gaɓa ya tsaya yana duban ƙullin.

"Wurin nan ya kare ka daga iskar arewa. In ta juyo daga kudu fa?"

"Igiyar nan daga birni aka kawo ta."

Da la'asar sakaliya, bayan an gama da jirage goma sha uku, mazan suka zo ƙofar gidansa. Kafaɗu duk sun saɓule, ko tsayuwa da ƙyar suke yi. Suka ce layi ya zo kansa, ya kawo jirgin a ja. Wallahi har yau in na tuna wannan tsayuwar tasu sai raina ya ɓaci. Daga bakin ƙofa ya amsa musu:

"Ku je ku huta. Na gama da nawa."

Washegari da hantsi guguwar ta sauka.

Mutum ashirin da wani abu ne a gidan Delyo, domin duk mai gidan bulo yakan buɗe ƙofa ga masu gidan gora, shi ma kuma ya buɗe. Matarsa Perla ta dafa shinkafa tukunya biyu da busasshen kifi tun da sassafe. Aka toshe tagogi da katako. Mata suka zauna a ƙasa suna jan addu'a, yara sun cusa kai a cinyoyinsu.

Iskar ba kaɗawa take yi ba, ihu take yi. Kana jin kwanon rufin maƙwabta yana yagewa, kana jin itatuwan kwakwa suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan teku ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa har ya kai idon sawu, aka ɗora tsofaffi a kan tebur. Duk wannan abin da ake yi, hankalin Delyo yana bakin kogi.

Wajen tsakar rana sai komai ya yi tsit. Ruwa ya ɗauke, har wata 'yar rana ta leƙo.

Delyo ya ɓalle katako ɗaya ya leƙa. Can ya hango shuɗin jirginsa yana juyi a kan ruwa, igiyar jikin iccen ta kwance. Ya fara neman takalminsa.

Perla ta riƙe masa riga. "Ina za ka? Don Allah ka zauna."

"Ba wucewa ta yi ba," in ji Mano Tasyo daga inda yake zaune. "Idonta ne a kanmu, wato tsakiyar guguwar. Numfashi take ja, yanzu za ta dawo ta ɗaya ɓangaren. Kai ma ka sani, ni na koya maka."

"Minti goma kawai, Mano."

Ya fizge rigarsa ya fice. Tasyo ya dubi Perla, ya dubi ƙofar, ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe.

"In ban kama masa ba, ba zai dawo da wuri ba."

Tare suka shiga ruwa har ƙirji suka kamo igiyar. Tasyo ne ya yi ƙullin. Suna gamawa hasken nan ya ɗauke, suka ji wani gurnani yana tasowa daga kudu.

"Wuce gaba," in ji Tasyo. "Gudu. Ina bayanka."

Ba su kai rabin hanya ba iskar ta cim musu. Delyo ya ji wani ƙarfe ya wuce ta gefen kunnensa, sannan ya ji wansa ya kira sunansa sau ɗaya. Da ya juya, Tasyo yana ƙasa. Fallen kwano ne ya sare shi a ƙwauri har ƙashi.

Ya ja shi zuwa bayan wani tankin ruwa na siminti, ya cire rigarsa ya ɗaure ƙafar, ya kwanta a kansa. Awa uku suka yi a nan, laka da ruwan gishiri suna wanke ciwon.

Da yamma da mutane suka fito, rabin Lawisan babu shi. Gidajen gora sun kwanta, rijiya ta zama gishiri, wayoyin lantarki sun nannaɗe a kan hanya. Amma a kan tudun bayan coci jirage goma sha uku suna nan ƙarƙashin tarunsu, ko ƙwarzane babu.

Jirgin Delyo kuwa a cikin gonar shinkafa aka same shi, ya rabe biyu, injin cike da taɓo. Sabuwar igiyar birni ba ta tsinke ba. Iccen ne ya tuge gaba ɗaya.

Mana Luring, ungozomar ƙauyen, ta wanke ciwon da ruwan kwakwa da ɗan maganin da ya rage mata. Da ta fito sai ta ce:

"Wannan ya fi ƙarfina. Asibiti yake so, yau ko gobe."

Gada ta tafi, ƙasa ta zaftare ta rufe titi, waya ba ta shiga. Ta teku, jirgi mai inji awa biyu zai yi zuwa birni. Ƙananan jiragen kuwa ba za su iya da raƙuman ruwan da guguwa ta bari ba. Kowa a wurin ya san wannan lissafin. Babu wanda ya furta, babu wanda ya ko dubi Delyo, kuma wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Aka jira kwana ɗaya ko teku za ta lafa. Ba ta lafa ba. Mata suna shanya jiƙaƙƙiyar shinkafa a kan titi, maza suna tsince ƙusoshi daga ɓaraguzai suna miƙar da su da dutse, shi kuwa Tasyo zazzaɓi ya rufe shi, ƙafar ta fara wari.

Rana ta uku da sassafe Tatay Inggo ya zo da taru da doguwar gora. Bayansa maza goma sha biyu ne, waɗanda kowannensu gidansa yana ƙasa, iyalinsa suna kwana a coci. Suka sa Tasyo a cikin tarun, suka rataye a gorar, suka kama hanyar dutse. Awa goma sha ɗaya suna canjin kafaɗa. Kafaɗun nan ne dai da Delyo ya kora daga ƙofar gidansa.

Shi kuwa Delyo, tun da ya sa kafaɗa ya ƙi yarda a canje shi. A wata gangara ya zame, wani maƙwabcinsa ya ce:

"Saki, Delyo. In ka faɗi, mutum biyu za mu ɗauka, kuma kai ka fi shi nauyi."

A asibiti likita ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya ce da an kawo shi ranar farko, ɗinki kawai za a yi. Delyo yana tsaye aka faɗi haka.

Bayan wata guda aka dawo da Tasyo gida. Delyo ya gyara masa ɗaki a gidan bulo, amma Tasyo ya ce a'a, shi ba ya jin teku a cikin siminti. Sai Delyo ya sake gina masa ɗakinsa na gora da hannunsa. Ranar da ya gama, ya durƙusa gabansa, hawaye ya ƙi tsayawa.

"Mano, ka zage ni. Ko mari ne ka yi min. Ka ce wani abu."

Tasyo ya dube shi ya ce:

"In na zage ka ƙafar za ta tsiro? Tashi ka miƙo min ruwa."

Bai taɓa ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Ya ba wani masunci na ƙauyen gaba jirginsa, ya koma gyaran taru a inuwa. Mutumin da ya shekara arba'in a kan ruwa, yanzu sai dai ya tambayi masu dawowa yadda teku take.

Da shekara ta zagayo, rediyo ya sake shelar guguwa. Delyo ne ya fara isa bakin ruwa da gungume a kafaɗa. Yanzu ɗan ƙaramin jirgi gare shi irin na kowa. Ya je ya tsaya can ƙarshe, inda ya san gurbinsa yake.

Tatay Inggo ya bi layin yana ƙirga da yatsa. Da ya zo kansa ya ce, ba da wata manufa ba:

"Matso gaba, Delyo. Bana kai ne na goma sha uku."

Delyo ya buɗe baki zai ce an yi kuskure, sai ya tuna jirgin wansa ne ya fita daga layin. Ya samu matsowar da ya nema, kuma ya san abin da aka biya. Ya sunkuyar da kai ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin jirgin farko.

Daga gefe, a kan wani kifaffen bokiti, sanda jingine a cinyarsa, Mano Tasyo ya ɗaga murya.

"Delyo, gefenka ya yi ƙasa, ɗaga. To, ɗaya, biyu, ja."

Darasi: Girman kai ba kan mai shi kaɗai yake faɗawa ba, sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ne zai biyo ka cikin hatsarin, shi ne kuma zai biya. In jama'arka suna da layi, ka bi layin ko da naka ya fi na kowa tsada, in kuma na gaba da kai ya ce ka zauna, ka zauna. Abin da ya karye na dukiya ana sake saye, amma akwai asarar da nadama ba ta mayarwa. Ka tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake bakin ƙofa yanzu yana cewa minti goma kawai.