Ruwan Rafin Ya Janye?

Akwai wani injiniyan motoci a Gyaɗi-Gyaɗi, ana ce masa Injiniya Isyaku. Da ya yi ritaya, ƙofar gidansa ta koma majalisar masu jif da motocin shiga daji. Direbobin ma'aikatan lafiya da fataken hatsi duk nan suke haɗuwa bayan la'asar.

Jama'a, bawan Allahn nan bai san rowar ilimi ba. Shi zai ce maka, "In ka shiga yashi, rage iskar taya. In ka tarar da ruwa, sauka ka taka da ƙafarka tukuna." Ko sisi bai taɓa karɓa ba.

Sai ciwon ido ya kama shi. Likita bai ɓoye masa ba: ganin yana tafiya, kuma ba zai dawo ba. Ya ajiye tuƙi, motarsa ma ta tafi wajen neman magani.

Abu ɗaya ke cin ransa, yayarsa Jummai, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana ƙauyensu can bayan Sumaila, tsufa ya zaunar da ita, ga damina ta hana motar haya ƙetare rafin garin. So yake ya ga fuskarta tun idon na da sauran haske. Amma roƙo nauyi yake masa, ya kasa buɗe baki.

Sai dai duk wanda ya dawo daga wannan yanki, ya tare shi da tambaya: "Ruwan rafin ya janye?"

Su kuwa sun ɗauka gwada su yake yi, kamar yadda ya saba. Sai su hau ba shi labarin giyar da suka sa wa mota wajen ƙetarewa, ya gyaɗa kai kawai. Kai, mutane!

Rannan Ɗahiru, direban da ke kai masu rigakafi ƙauyuka, ya jira kowa ya watse.

"Baba, wai wa kake da shi a bayan rafin nan?"

Injiniya ya ce, "Yaya Jummai. Ina jin muryarta a waya, Ɗahiru, amma kewar fuskarta nake yi. Tsoro nake ruwan ya janye bayan idona ya rufe."

Ɗahiru ya ce, "Haba Baba! Mu da ka koya wa hanya, mu kake jin kunya?"

Ɗahiru ya sanar da sauran direbobin. Ranar Asabar da sassafe motoci uku suka tsaya a ƙofar gidan, kowace da igiyar ja da shebur, don in ɗaya ta maƙale sauran su fiddo ta. Ɗaya kuwa ta maƙale a tsakiyar rafi. Suka ja, suka tura, laka har gwiwa, ba wanda ya ce a koma.

Da azahar suka isa. Jummai na zaune kan tabarma, ta ɗago ta ce, "Isyaku? Kai ne da furfura haka?"

Ya durƙusa gabanta, hawaye na zuba. "Yaya, juyo wajen haske. Matso kusa. Yauwa, tsaya haka, kar ki motsa."

Ya kalle ta, ya kalle ta.

Darasi: Ilimin da ka raba don Allah zai dawo maka ranar da ƙarfinka ya ƙare. Kuma in dattijo ya cika maimaita tambaya ɗaya, tsaya ka saurara, wataƙila buƙata ce kunya ta hana shi faɗa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu dattawa a kusa da su.