Manomin da Ya Yi wa Allah Gadi

An yi wani manomi, dattijon ikilisiya, wanda ciwon daji ya kama a ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Aka kai shi asibitin birni, aka yi ta gasa wurin da na'ura har mako bakwai, ciwon kuwa ya mutu. Ranar Lahadi ya shiga sujada da damin dawa a ka, ya ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da shi sarai. Tun daga nan, duk wanda ya kwanta ciwo a ƙauyen, shi ake kira ya yi masa addu'a.

Bayan shekara tara, sai ya fara ganin jini a fitsarinsa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ce a ransa, in aka ji, za a ce shaidar ƙarya ce, sunan Ubangiji ya sha kunya. Ya daina shiga makewayi, sai ya zaga bayan rumbu, in ya gama ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe.

Matarsa ba mai yawan magana ba ce, amma ta ga ƙasar da jinin da ke ciki. Ta kai masa kunu gona, ta jira ya shanye, ta ce, "Baban Tabita, yaushe Allah ya ɗauke ka maigadin sunansa? Wanda ya yi na farko, na biyun ne zai gagare shi? Na goge maka riga, motar kasuwa gobe ce."

Ya yi faɗa, ya ce tana masa leƙen asiri. Amma da safe ya shiga motar zuwa asibitin.

Likita ya ce tsohon ciwon bai dawo ba. Sabo ne a mafitsara, irin wanda gashin na'urar nan kan tayar wa mutane kaɗan bayan shekaru, kuma ƙarami ne tukuna. Aka kankare shi, manomi ya yi girbin shekarar da hannunsa. A sujada ya faɗi kome, har zancen bayan rumbu. Aka yi dariya, aka tashi da waƙa. Da aka fito, dattawa uku suka ja shi gefe suna tambayar hanyar asibitin.

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Mu ne manomin nan, duk lokacin da muka rufe damuwarmu da ƙasa wai muna kare mutuncin Allah. Ciwo na biyu ba ya ƙaryata warkarwa ta farko. Shekara taran nan kyautar Ubangiji ce, babu mai ƙwace ta. In an taɓa gasa maka ciwo da na'ura, ka riƙa komawa a duba ka, in ka ga jini ka faɗa da wuri. Allah bai gaji da kai ba, sunansa kuwa shi yake tsaron abinsa.