Lotsattsiyar Motar Ba Goni

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a garin Diffa mai suna Abdoul Razak. Mutumin Tahoua ne, aiki ya kawo shi gabas shi da matarsa Munira. Ba ya zaman majalisa, ƙwallo ma ba ta dame shi ba. Abu ɗaya ne ya ɗauke masa hankali, wato haɗa ƙananan motoci na roba.

Ba motar wasan yara nake nufi ba fa. Irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali ne, mutum ya zauna ya manna su da gam, ya goge da samfefa, ya yi musu fenti, su fito sak motar gaske, sai dai tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba. Daga Yamai ake aiko masa da su a motar haya.

Ranar Asabar da hantsi zai fito da teburinsa gindin dogon yaro a tsakar gida, ya jera buroshi da hantsaki da ƙananan kwalaben fenti. Daga nan ko sallama ka yi sai ka maimaita.

Munira takan tsokane shi ta ce, "Maigida, da motocin nan naka suna ɗaukar fasinja, da tuni mun je Makka."

Shi dai sai ya yi murmushi. Gwani ne, ba wanda zai hana shi wannan. Matsalar ita ce shi ma ya san shi gwani ne. Motarsa ba ta fita daga hannunsa sai tana sheƙi, in ya ga ɗigon tabo ɗaya a jikin fenti, gogewa zai yi ya sake daga farko.

A bayan gidansu akwai wani dattijo da ake kira Ba Goni, ɗan gudun hijira daga hayin kogin Komadugu, ɓangaren Najeriya. A can garinsu direba ne. Yana da tsohuwar a-kori-kura da yake jigilar tattasai da ita, shi da ɗansa Sufyan. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garin, Sufyan ya fita da motar da safe. Daga ranar ba a sake ganin Sufyan ba, ba a sake ganin motar ba. Ba Goni ya ƙetaro kogi da 'yarsa Nazifa, ba gawa, ba kabari.

Wata Asabar Nazifa ta shigo wurin Munira, ta ga motocin a kan tebur, ta tsaya cak. Sannan ta juya wajen Abdoul Razak.

"Malam, don Allah in tambaye ka. Za ka iya yin irin ta Baba?"

Ta ce likita ya gaya musu idon tsohon yana tafiya, kuma irin ciwon da ba ya dawowa ne. Burinta ɗaya, ya sake ganin motar nan kafin idon ya rufe, tunda ita kaɗai ce abin da suka yi tarayya da Sufyan a ciki.

"Akwai hotonta?" in ji Abdoul Razak.

"Babu. Wayar da hotunan ke ciki tana aljihun Sufyan."

Sai ta shiga kwatanta masa. Fara ce, amma ƙofar direba shuɗiya, don ta wata motar aka ciro aka sa. Gefen gaba na dama ya lotse a saman taya. Gilashin gaba ya tsage, murfin baya kuma da igiya ake ɗaure shi.

Abdoul Razak yana gyaɗa kai, tausayi ya kama shi ƙwarai. Yana da wata a-kori-kura a kwali da ya daɗe yana tattalinta, bai yarda ya taɓa ta ba saboda tsadarta da wuyar samunta. A take ya ce ita zai yi wa tsohon. Ku shaida, jama'a, niyyar mutumin nan mai kyau ce.

Amma da ya zauna aiki sai gwaninta ta motsa. Ya ce a ransa, mutumin da duniya ta riga ta lotsa, kuma ni in miƙa masa lotsattsiyar mota? Ai sai a ce ban iya ba. Bari in ba shi motarsa kamar ranar da ta fito daga kamfani.

Haka ya yi. Fenti fari tas har da ƙofar direba, ya bi shi da man sheƙi har kana ganin fuskarka a jiki. Gilashi garau, tayoyi baƙi wuluk, murfin baya da 'yar sakatarsa. Ranar da ya gama ya ɗauke ta hoto ta kowane gefe, shi kansa ya san bai taɓa yin aiki kamar wannan ba.

Ya sa ta a kwali ya kai. Ya tarar da Ba Goni a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Bayan gaisuwa ya ɗora masa ita a hannu, ya koma gefe yana jiran yabo.

Tsohon ya juya wajen haske, ya kawo ta dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Masha Allah. Sabuwa fil. Ta wane Alhaji ce?"

"Taka ce, Baba. Motarka ce na yi maka."

Ba Goni ya sake juya ta, kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Sannan ya miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka sha wahala. Amma ka ajiye ta a wurinka, kar ta lalace a hannunmu."

Nazifa, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki.

Abdoul Razak ya dawo gida yana huci. Ya cilla kwalin saman kabad.

"Kin ga rashin godiya? Abin da na hana kaina na ba su, ko kallon kirki bai yi mata ba."

Munira ta ce, "Maigida, yarinyar nan ta ce maka ƙofa shuɗiya. Ina shuɗin?"

"Gyara musu na yi."

"Wa ya ce maka gyara suke nema? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa."

Ya ce ta rabu da shi, ita me ta sani a harkar fenti. Ta rabu da shi ɗin.

Fushi ya riƙe shi, shi kuma ya riƙe fushin. In ya hango Ba Goni a hanya sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce. Ana nan aka tsinke tattasai a gonakin bakin kogi, aka shanya, aka loda a buhuna, kasuwa ta cika ta yi ja. Kwalin yana nan saman kabad. Ya manta gaba ɗaya cewa ciwon ido ba ya jiran mai fushi ya huce.

Wata Juma'a yana fitowa daga masallaci sai ya ga Ba Goni riƙe da kafaɗar wani maƙwabci, ana ja masa gora. Ya matsa ya yi sallama. Tsohon ya amsa da fara'a, amma fuskarsa tana kallon wani gefen daban.

Kunya ta rufe Abdoul Razak, ya rasa inda zai sa kansa.

Da la'asar ya je gidan hannu rabbana. Ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar.

"Baba, na zo ka koya mini motarka. Wancan karon ban saurara ba."

Ba Goni ya yi dariya, ya ce, "Kai, Malam, ai labarin motata ya fi ƙarfin zama ɗaya." Amma ya fara. Ya gaya masa inda tsatsa ta ci, da inda tsagar gilashin ta taso ta gangaro kamar reshe. Da aka zo kan lotsawar sai ya kama hannun Abdoul Razak ya dunƙule masa shi.

"Zurfinta, in ka sa ƙwarya za ta zauna. Sufyan ne, ranar da na fara ba shi tuƙi. Goriba ce tana tsaye abinta a bakin kogi, ba ta tare wa kowa hanya ba, ya je ya same ta."

Abdoul Razak ya koma gida ya sauko da kwalin. Washegari ya hura garwashin shayi, ya sa wutsiyar cokali a ciki har ta yi zafi. Ya ɗauko motar nan mai sheƙi, wadda ta fi kowace kyau a duk abin da ya taɓa yi. Ya yi bismillah ya danna.

Robar ta narke ta lotsa, fentin ya tattare. Ya ji abin har cikin ransa.

Daga nan sauran ya zo da sauƙi. Ya kashe sheƙin da samfefa. Ya shafa wa ƙofar direba shuɗi. Ya kwaɓa jan fenti da baƙi da ɗan lallausan yashi ya yi tsatsa, ya ja tsagar gilashi da tsinin allura, ya ɓalle sakatar baya ya ɗaure murfin da zare. Munira ba ta ce masa "na gaya maka" ba. Zama ta yi ta ɗinka 'yan buhuna kamar kan yatsa, ta cika su da dakakken tattasai na gaske, suka loda su a baya.

Da ya kai, Nazifa ce ta fara gani. Ta toshe bakinta da mayafi.

Abdoul Razak ya durƙusa ya ce, "Baba, na kawo. Amma na makara, ka yafe mini."

"Kawo nan, ɗana. Direban da ya san motarsa ko a duhu ya san ta."

Ya karɓa. Ƙanshin ne ya fara isa gare shi, ya kai ta hanci ya shaƙa, ya yi atishawa, ya ce, "Kai! Na bakin kogi ne wannan." Sannan yatsunsa suka fara tafiya. Suka bi zaren baya, suka bi kaushin tsatsa, suka zagayo gaba ta dama. Babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar ya tsaya.

Bai ƙara motsi ba. Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu. Nazifa ta ce daga baya, tun da suka ƙetaro kogi ba ta taɓa ganin ya yi wa Sufyan kuka ba sai ranar.

Can ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, yatsan yana nan inda yake.

"Faɗan da na yi wa yaron nan a kan wannan wurin, Allah kaɗai ya sani. Na ce ya ɓata mini mota. Ashe shi ne abin da zai bar mini."

Darasi: In za ka yi wa mutum alheri, fara saurarensa tukuna. Ka ba shi abin da zuciyarsa ke nema, ba abin da zai nuna gwanintarka ba, don tabon da kake gaggawar gogewa wataƙila shi ne dukiyar da ta rage masa. In kuma ka gane ka yi kuskure, kar ka bari fushi ya cinye maka lokacin gyara. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai mai kwali a saman kabad da ya kamata ya sauko da shi yau.