Tabon Uwaye a Jikin Hano

Akwai wani gida a Birnin Tudu da wata mata mai suna Taibatu ke riƙe da shi tun rasuwar mijinta. Kun san ni da tsokana, kun kuma san daga Mafara har Maradun babu mai shafin da ya kama ƙafata a labari, duk da ni da makaranta mun rabu a aji biyu ba ko sallama. To yau ku ajiye dariya. Wannan labarin ni kaina ya sa ni shiru.

Taibatu ta kusa hamsin lokacin da ɗanta na fari, Kamilu, ya auri Salma 'yar Ruwan Gizo, garin da ita Taibatun ta fito. Ita ce ma ta zaɓo masa yarinyar.

Amarya ba ta daɗe da tarewa ba jikin Taibatu ya sauya. Tana zaune lafiya sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, kamar ta leƙa murhu. Zufa ta jiƙa kallabi. Barci ya ƙaurace mata. Abu kaɗan ta hau faɗa, ta koma ɗaki ta yi kuka. Al'adarta ta yi ta wasan ɓuya, daga baya ta ɗauke. Kunya ta hana ta gaya wa kowa.

Sai ta tambayi kanta, yaushe abin ya fara? Da zuwan Salma. Shi ke nan ta yanke hukunci: yarinyar nan wani abu take zuba mata a abinci.

Ta daina cin tuwonta. Salma kuwa ba ta fasa ba. Kullum sai ta durƙusa ta ce, "Inna, ga abinci," ta kwashe zannuwan da zufa ta jiƙa ta wanke.

Ranar da tura ta kai bango, Taibatu ta ce sai Salma ta koma gidansu, Kamilu ya yi roƙon duniya. Taibatu ta ce, "Kai yaro, ko ni ko ita. Ni na tahi na ɗauko ta, ni za ni maishe ta."

Da safe, bayan ruwan sama ya sanyaya gari, Taibatu da Salma suka hau babura zuwa Ruwan Gizo. Suka sauka gidan Goggo Fatimatu, tsohuwar da ta riƙi Salma, wadda duk garin aka sani da sanin itatuwa.

Ana cikin gaisuwa, ba a ko kai ga tambayar mutanen gida ba, zafin ya taso. Kowa na lulluɓe, Taibatu na fifita da gefen mayafi.

Goggo ta dube ta. "Tun yaushe jini ya ɗauke miki?"

Taibatu ta harari Salma. "Har wanga kin kai gari?"

"Ba ta ce komi ba, goshinki ya gaya mani," in ji Goggo. "Kin zo maido mani ɗiya ko? Bari in fara maido miki da hankalinki. Tashi. Salma, ɗauko wuƙa."

Ba su yi nisa ba, don dajin yanzu ba a yi masa nisa. Bayan gonakin gero Goggo ta tsinko wani ganye mai launin toka ta juya bayansa. "Duba ɗigo-ɗigon baƙin nan. Sabara ke nan. In ba ki gan su ba, sake shi." Ta nuna tumfafiya ta ce nononta na ɓata ido. Ta nuna zaƙami da bakin sanda, ko taɓa shi ba ta yi ba. "Wanga kuwa, in kin sha, tsirara za a kamo ki a kasuwar Jangebe."

Sai suka isa gindin wani tsohon hano. Ɓawonsa na saɓa kamar takarda, ƙamshin ƙaronsa ya cika wurin. Taibatu ta tsaya cak. Jikin itacen tabo ne birjik, kowane kamar faɗin tafin hannu, wasu sun haɗe sun zama tudu, wasu da sauran busasshiyar laka.

"Su wa suka yi masa haka?"

"Mata irinki. Duk wadda jininta ya tsaya, nan muke kawo ta." Goggo ta ɗora yatsa a kan wani tsohon tabo. "Wanga nawa ne." Ta matsa kaɗan. "Wanga kuwa na mahaifiyarki. Ni da uwata munka rako ta. Tana zufa kamar ke, tana rantsuwa aljanu sunka shige ta."

Taibatu ta shafa tabon. Ta tuna shekarar da marigayiya mahaifiyarta ke yawan zuba ruwa a ka, tana faɗa ba dalili, su yara suna ɓuya. Ta zauna a ƙasa.

"Ashe ba sammu ba ne."

"Shekaru ne, kuma ba su neman izinin kowa. Sassaƙen nan da sabara abin da munka gada ne na rage zafi, ba su maida tsohuwa yarinya. Ki biya asibiti a auna jininki, ki kuma gaya musu abin da kike sha."

Goggo ta ba Taibatu wuƙa, ta saro ɓawo daidai tafin hannu, gefe guda. Ta juya za ta tafi, tsohuwa ta tare ta da sanda.

"Ina za ki? Ba a zagaye hano da wuƙa, ba a kuma barinsa da rauni buɗe. Wadda ta sara ita ke rufewa, da hannunta. Da na baya ba su rufe ba, yau busasshen kututture za ki tarar."

Taibatu ta ɗebo laka ta shafe saran a hankali. Da ta juyo, ga Salma tsaye tana riƙe mata da takalma, kanta a ƙasa. Taibatu ta daɗe tana kallon lakar da ke hannunta.

"Ɗiyata, akwai wani saran da na yi, ban rufe ba. Ki yafe mani."

Salma ta durƙusa tana hawaye. "Inna, ba ki yi mani komi ba."

"Ta yi miki," in ji Goggo. "Yafe dai."

Tare suka koma Birnin Tudu. Kamilu na zaune ƙofar gida ya ga babura biyu sun tsaya, mata biyu sun sauko. Ranar Taibatu ta ci tuwon Salma har da ƙari. Zafin bai tafi nan take ba, amma tsoron ya tafi.

Sai daga baya Salma ta ba da labarin abin da ya faru kafin su bar gindin itacen. Surukarta ce ta kama hannunta ta ɗora a kan wani fili mai santsi, dab da sabuwar lakar, ta ce, "Nan mun bar miki, in Allah ya kai ki."

Darasi: Abin da ba ka gane ba a jikinka, ka tambayi masu sani kafin ka ɗora shi a kan bawan Allah. In kuma ka yi sara, ka rufe da hannunka tun itace bai bushe ba. Ku tura wannan ga iyayenmu mata da surukansu, wataƙila akwai mai zufa a ɓoye tana zargin wanda bai ji ba bai gani ba.