Kanyar Bakin Kududdufi

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, wanda ya daɗe a kan gado har gemunsa ya yi fari fat. Ba azzalumi ba ne, Allah ya sani. Sai dai tsufa ya zo masa da wani ciwo wanda masu magani ba su san kansa ba, wato kewar ƙuruciya. Ana cikin fadanci sai a ga ya yi shiru, jikinsa na nan, hankalinsa ya tafi wani wuri.

Wurin kuwa wani kududdufi ne a bayan unguwar majema, inda aka haƙi ƙasar ginin ganuwa tun zamanin kakanninsa. Yana yaro, uwar goyonsa takan kai shi can da la'asar. Akwai wata babbar kanya a bakin ruwan. Nan za ta zauna tana ɓare masa 'ya'yan, shi kuma yana kallon zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran baƙo. Allah sarki, duniya. Uwar goyo ta rasu, yaro ya zama sarki, kududdufi kuwa ya koma juji. Fili ne na sarauta, to kowa sai ya ce ai ba nasa ba ne. Mai shara ya zuba, mai mushe ya jefa, majema su kwarara ruwan jima. Zalɓe ya yi ƙaura, kanya ta bushe rabi. Sarki ya ji labari, tun daga nan bai ƙara bi ta wajen ba.

Ashe a unguwar akwai wata tsohuwa mai daddawa, ana ce mata Gwaggo Tasalla. Wata safiya ta ɗauki kwando da tsintsiya ta shiga jujin nan. Maƙwabta suka fito suna dariya. Nomau majemi ya ce, "Gwaggo, wani abu kika yar a ciki ne?"

Ta ce, "Na yar, ɗan nan. Kai ma ka yar, ba ka sani ba ne. Zo ka kama mini kwando."

Kunya ta sa ya kama. Da aka ga Nomau da girmansa yana kwasar shara, sai wani ya zo da fartanya, wata ta kawo kunu, abu ya zama gayya. Majema suka sake wa ruwan jimarsu hanya. Aka dasa kurna da magarya da tsamiya, aka bar ciyawa ta yi tsawo a wani gefe, ba mai taɓa ta. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. A hankali ruwa ya washe, kwaɗi suka dawo, kanya ta sake toho. Sai ga hasbiya, sai ga cilakowa, har bushiya da kunkuru suka sami maɓoya a cikin ciyawa.

Labari ya kai kunnen waziri. Ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kududdufin da kake yawan ambato ya dawo kamar da, har ya fi. Fili kuwa naka ne, talakawa suka shiga ba izini. A ja masa katanga, a sa ƙofa da dogari, ya zama wurin hutawarka."

Zuciyar sarki ta yi fari. Ya ce a soma buga tubali. Amma ya kasa haƙurin jiran katanga, ya ce a ɗaura masa sirdi ya je ya gani da idonsa.

Da ya iso, sai ya ja linzami ya tsaya. Ga zalɓe can da ƙafa ɗaya. Ga kanya, ita ɗin ce dai, har da reshen nan da ya karkata kan ruwa. Idonsa ya ciko, ya kau da kai kada dogarai su gani. Mutanen unguwa kuwa sun taru sun durƙusa jugum, don sun ga tubalin da ake shanyawa, sun san na mene ne.

Sarki ya ce, "Wa ya fara wannan aiki?"

Gwaggo Tasalla ta matso da sandarta ta ce, "Ya sarki, ni ce mai laifin."

"Wa ya ba ki izini?"

"Wari ne ya ba ni, ranka ya daɗe. Kullum sai ya shigo har ɗakina ya ce in fito."

Waziri ya ɓata fuska, sarki kuwa ya yi murmushi. Ya ce, "Iya, kin san filin nan nawa ne?"

Ta ce, "Yau na sani. Lokacin da yake wari na yi ta cigiyar mai shi, ban samu ba."

Sarki ya juya linzami. Ya kaɗa doki a hankali zuwa gindin kanya. Rassan sama cike suke da 'ya'ya, sun nuna sun yi jawur. Yawunsa ya tsinke kamar na yaro. Ya miƙe a kan likkafa ya kai hannu.

Tsohuwa ta ce, "Ya sarki, wannan na cilakowa ne."

Wani dogari ya daka mata tsawa. Sarki ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Me kika ce, Iya?"

Ta ce, "Ka'idarmu ce a nan. Abin da hannun mutum ya kai yana tsaye a ƙasa, nasa ne. Ba jifa, ba sanda, ba hawa. Abin da ya fi ƙarfin hannu na tsuntsaye ne. Wanda ya faɗo da kansa kuma na bushiya da kunkuru ne. Da ba mu yi haka ba, ranka ya daɗe, da itace kaɗai za ka tarar, ba mai kuka a kansa."

Sarki ya ce, "To ai ga shi hannuna ya kai."

"Dokinka ne ya kai, ya sarki. Sauko mu ga naka."

Nomau ya sunkuyar da kai yana salati a ransa, yana cewa yau Gwaggo ta jawo musu. Sarki ya daɗe yana kallonta. Can sai ya zare ƙafa daga likkafa, aka riƙe masa doki ya sauko. Da ya tsaya a ƙasa, ashe ɗan gajeren tsoho ne, bai ma kai kafaɗar Nomau ba. Ya miƙa hannu, ya yi ɗage, babbar riga tana jan shi baya. Ganye kawai ya kamo. Na ƙasa duk an riga an tsinke.

Ya tsaya yana duban ganyen da ke hannunsa. Rabon da ya so abu ya kasa samu har ya manta.

Gwaggo Tasalla ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yan kanya da ta ƙulle, ta miƙa masa da hannu biyu. Ta ce, "Ka'idar ba ta ƙare ba. Wanda hannunsa bai kai ba, maƙwabcinsa ke ba shi. Ni ma Nomau ne ya tsinko mini. Amma in ka ja katanga, ya sarki, wa zai zama maƙwabcinka a ciki?"

Sarki ya karɓa. Ya zauna a kan saiwar kanya, a ƙasa, ya fasa ɗaya ya sa a baki. Ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

Waziri ya matso ya ce a hankali, "Allah ya ba ka nasara, maganar tubali fa?"

Sarki ya buɗe ido ya ce, "A raba wa mutanen unguwa su gyara ɗakunansu kafin damina. Fili kuwa na waɗanda suka kwashe warinsa ne, su da tsuntsayensu. Ni in na zo, zan ɗaure doki a nesa in shigo da ƙafa." Sai ya dubi tsohuwa ya ce, "Iya, kya riƙa ajiye mini?"

Ta ce, "In ka zo da wuri. Jikokina ba su san sarki ba a kan kanya."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, mutane suka ɗauka gaba ɗaya. Da zai tafi, ya dafa kafaɗar waziri ya ce, "Riƙe wannan magana, Waziri. Mai mulki in yana son adalci, daga ƙasa zai auna tsawon hannunsa, ba daga kan doki ba."