Awakin Tasalla da Ƙanzon Gidan Abinci

A wani gari an yi wata mata, Tasalla, mai kwashe ƙanzo da ragowar tuwo a gidan abincin Alhaji Ɗanliti. Takan shanya su a rana, ta jiƙa wa awakinta. Da awakin suka yi ƙiba, Alhaji ya kai ƙara wurin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, abincina ne ya yi wannan kitsen. Awakin nawa ne."

Mai unguwa ya shafa tumbinsa. "Tasalla, ko ki dawo masa da abincinsa, ko ki ba shi awakin."

Tasalla ta durƙusa. "Allah ya ja zamaninka, ni ban yi karatu ba. Wato duk abin da ya yi ƙiba da abincin Alhaji kyauta, ya zama nasa?"

"Haka hukunci yake."

"Ko ba akuya ba ne?"

"Ko mene ne!"

"To Alhaji, kawo igiya doguwa. Kwanon nan mai murfi da kake aiko wa mai unguwa kullum da rana, ni ke kankare shi, ko ƙanzo ba na samu. Ka fara ɗaure shi a gaba, awakina su biyo baya."

Fada ta kwashe da dariya. Mai unguwa ya ja riga ya rufe ciki.

"Alhaji, ragowa ta mai kwashewa ce. Tashi ka ba mu wuri!"

Tasalla ta kora awakinta gida, ta biya ta ɗauki ƙanzon ranar.